Ra'ayinmu: Kasuwar intanet ba ta ƙare a bakin ƙofa ba

A cikin kowace wayar zamani akwai wurin da ke nuna manhajar da ta fi cin mega a wata. Muna roƙon mai karatu ya buɗe shi yau, ya duba. Ko a Zariya ta Maraɗi yake, ko a Zangon Damagaram, ko a Bukoki ta Yamai, ko yana bida a Tamanrasset ko Abijan, da wuya sunayen da zai gani a sama su wuce huɗu: TikTok, Facebook, WhatsApp da YouTube. Waɗannan huɗun su ne abin da yawancinmu ke nufi idan muka ce "na shiga intanet".

Wannan jarida ba ta ganin laifin hutu. Saurayin da ya wuni kan kabu-kabu cikin rana, da budurwar da ta fito daga aji ko daga shagon ɗinki, da ɗan bida da ya sauka daga aikin gini a Libiya, kowannensu yana da haƙƙin ya miƙe ƙafa ya yi dariya. Abin da ya dame mu shi ne tambaya guda: wa ke zaɓa mana abin da muke hutawa da shi? Matsayinmu shi ne lokaci ya yi da matashin Nijar zai karɓi wannan zaɓi a hannunsa, domin kuɗinsa ne, lokacinsa ne, kuma harshensa ne ke kan faifai.

Manyan manhajojin nan da talla suke ci. Gwargwadon daɗewarka a ciki, gwargwadon tallan da za a nuna maka, gwargwadon ribarsu. Don haka aka gina su da lissafin da ke lura da abin da ya tsayar da yatsarka, ya ƙaro maka irinsa. In faɗan ƴan fim ya tsayar da kai daƙiƙa goma, gobe za ka tarar da faɗa goma. In zagin siyasa ne, haka. Kamar dillalin da ya tare ka a bakin ƙofar babbar kasuwar Maraɗi, ya zaunar da kai, yana ta kawo maka kaya daga rumfuna huɗu na iyayen gidansa. Har ka tashi ba ka san akwai layin ƴan littattafai da na maƙera a ciki ba.

Asarar ba ƙarama ba ce. Bidiyo na cinye mega ɗaruruwa cikin awa guda, kuma matashin da ke sayen forfe kullum, in ya tara kuɗin wata, zai ga jikkuna nawa suka tafi. Ga shafukan caca na ƙwallo da tallansu ke bin samari har cikin fada. Ga jita-jitar da ke yawo da murya a WhatsApp, wadda tura ta kaɗai kan iya jefa mutum hannun shari'a, tun da dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka yi wa gyara a watan Yunin 2024, ta tanadi ɗauri. Kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Su ne za su gaji wayoyin nan, kuma abin da suka ga yayyensu na yi da su shi za su ɗauka. Da shigowar Starlink ƙasar a 2025, da ƙaruwar wuraren sayar da wifi a unguwanni, hanya sai ƙara faɗi take yi. Saura mu san inda za mu bi da ita.

Bari mu faɗi wuraren da muke nufi da sunayensu, don kada maganar ta tsaya a wa'azi.

Na farko Radio Garden, wanda aka buɗe a ƙasar Holan a 2016. Duniya ce zagayayya a fuskar waya, cike da ɗige-ɗige kore, kowane ɗigo gari ne da tashoshin rediyonsa. Ka juya ta da yatsa, ka tsaya kan Dakar ko Alƙahira ko Jakarta, ka ji abin da suke watsawa a daidai wannan lokaci. Ɗalibin da ke koyon Larabci ko Ingilishi ya samu malamin da ba ya gajiya. Ɗan bida kuma yana iya laluben muryoyin Afirka ta Yamma daga inda yake. Sauti bai kai bidiyo ci ba ko kusa: tashar da ke watsawa da ƙaramin ƙarfi na kilobit 64 mega 29 kacal take ci a awa. A nan akwai kira ga gidajen rediyonmu masu zaman kansu da na karkara. Tashar da ba ta saka shirinta a intanet ba ba za ta fito a wannan taswira ba, kuma ɗan Madawa da ke Greensboro ba zai ji sanarwar ɗaurin auren garinsu ba.

Ga mai son kiɗa, akwai Bandcamp, inda kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley ya ajiye faya-fayan mawaƙan yankinmu. A can za ka tarar da ayyukan farko na Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa da yanzu ke cika zauruka a Amurka da Turai, da na Les Filles de Illighadad daga karkarar Abalak. A can kuma akwai kiɗan Mamman Sani, wanda ya naɗi kaset ɗinsa da ogan na lantarki a Yamai a 1978, aka sake fitar da shi a 2013. Iyayenmu sun san sautin nan daga rediyo da talabijin na ƙasa, ko da ba su san sunan mai shi ba. Abin kunya ne ɗan Jamus ya san Mamman Sani, ɗan Yamai bai san shi ba. Ana saurare kyauta, kuma ɗan uwanmu na waje mai katin banki yana iya sayen faifan.

Sai rumbun da ya fi kowane girma, Internet Archive, wanda Brewster Kahle ya kafa a San Francisco a 1996. Tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare suna nan, ana karantawa, ana saukewa ba ko dala. Mai karatu ya rubuta "Magana Hausa" a wurin bincike. Littafi ne da J. F. Schön ya buga a 1885, kuma a cikinsa akwai labarin rayuwar Dorugu, yaro Bahaushe ɗan ƙasar Damagaram da aka kama bauta, aka ƴanta shi, ya bi matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth har Timbuktu, sannan ya ƙetara hamada da teku zuwa Ingila a 1855. Da bakinsa ya ba da labarin, da Hausar zamaninsa, har da yadda ya ga cin abincin Turawa da al'adunsu. Ɗan bidar da ke Marseille ko Napoli a yau, in ya karanta shi, zai ga wani ɗan ƙasarsu ya riga shi shan wannan mamaki da shekara sama da 160. Littafin tafiyar Barth ɗin kansa yana nan, da bayanin Agadas da ya gani a 1850, da Tasawa a 1851, da Damagaram a ƙarshen 1852.

Wanda ya yi lakwal yana da ƙarin ƙofa: Gallica, ɗakin karatun ƙasar Faransa na intanet, da aka buɗe a 1997. Tsakanin Gallica da Internet Archive mutum zai samu rahotannin ayarin Foureau da Lamy da ya sauka Damagaram a 1899, da takardun ayarin Tilho na 1906 zuwa 1909, wanda ya yi aikin shata iyakar Nijar da Najeriya, ya kuma tattara tarihin sarautun Gobir, Katsinar Maraɗi, Ƙonni da Damagaram daga bakin dattawan lokacin. Mun sani, ƴan mulkin mallaka ne suka rubuta su, da idonsu da son zuciyarsu. Wannan ma dalili ne na karanta su. A lokacin da kowa ke maganar ƴancin kai da sake rubuta tarihi, wanda ya karanta takardar da idonsa ya fi wanda ya ji ta a bidiyon minti ɗaya ƙarfin hujja. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Masu sha'awar ajami su nemi African Ajami Library na Jami'ar Boston, inda aka ɗauki hotunan rubuce-rubucen Hausa da na Fulfulde da Wolof da wasu harsuna. Google Arts & Culture kuma ya saka shafuka sama da 40,000 na littattafan Timbuktu a 2022. Almajirin da ya iya karatun allo ya fi mai digiri da yawa iya shiga waɗannan takardu, kuma yana da kyau ya san haka.

Kada a ce mun mai da hutu aji. Ga wasa zalla. Lichess, wanda wani Bafaranshe, Thibault Duplessis, ya ƙirƙiro a 2010, wuri ne na wasan darar Turawa, babu talla, babu biya, kuma abin da yake ci na mega bai taka kara ya karya ba. Ƙanensa Lidraughts na masu damiye ne, irin wanda ake bugawa a gindin bishiya a kowace unguwa. Gwanin fadarku da ya gagari kowa, a gwada shi da ɗan Senegal ko ɗan Holan, a gani. Abokai biyu, ɗaya a Tawa ɗaya a Kwatano, suna iya buga wasa guda kowane dare. Nasara a nan ba ta kawo kuɗi, faɗuwa kuma ba ta cinye kuɗin cefane. Wannan shi ne bambancinsa da caca.

Daren da aka ɗauke wuta, a buɗe Stellarium Web. Yana nuna sararin samaniyar garinka a daidai lokacin, da sunan kowane tauraro. A ɗauki wayar a kai wa kaka, a nuna mata tarin taurarin da Turawa ke kira Pleiades, ta ce ai Kaza da ƴaƴanta ce, ta nuna Zara matar wata da Gamzaki, ta faɗi yadda manoma ke lissafin damina da su. A xeno-canto kuwa, kukan tsuntsayen duniya aka tara. Yaron birni da bai taɓa jin kukan gauraka ba zai ji, ya kuma gane shamuwar da ke yi wa ƙauye albishir da ruwa. Wanda mahaifiyarsa ta tashi zuwa Makka yana iya bin jirginta a Flightradar24 har ya sauka Jidda ko Madina. Uwar da ke waje, wadda ke tsoron ƴaƴanta su tashi ba Hausa, ta duba African Storybook: gajerun labarai ne masu zane, akwai na Hausa a ciki, ana sauke su a karanta ba tare da rezo ba.

Har yanzu duk maganar ɗiba muke yi. Akwai ta zubawa, kuma ita ce ta fi muhimmanci. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Doka ta ba harshe matsayi, amma doka ba ta rubuta maƙala. A yau mafi yawan Hausar da ke intanet daga Najeriya take fitowa, kuma muna yaba wa ƴan uwanmu na can da wannan ƙoƙari. Sai dai manhajojin fassara da masu sauraren murya daga abin da suka tarar suke koyo. In ba su tarar da Aderanci da Gobiranci da Damagaranci da Arewanci ba, gobe mutumin Illela da ke cewa "biyat" da "tahi" zai yi wa waya magana ta kasa gane shi, a ƙasar da harshensa ne harshen ƙasa.

Maganin yana hannun mai waya. A Common Voice na Mozilla, wanda aka fara a 2017, akwai sashen Hausa: a nuna maka jimla, ka karanta da muryarka, ko ka saurari ta wani ka tabbatar daidai ne. Minti biyar ya isa, kuma muryoyin da aka tara na kowa ne, duk mai ƙera manhaja yana iya amfani da su. A Wikipedia ta Hausa, kowa yana iya buɗe maƙala. Mai karatu ya nemi sunan ƙauyensu, ko na kasuwar da ke ci ranar Laraba a yankinsu, ko tarihin kokowar gargajiya da takobin da ake kai ruwa rana a kansa kowace shekara. In ya tarar babu, ko layi biyu ne kawai, to ga aiki ya samu. A OpenStreetMap, taswirar da jama'a ke zanawa tun 2004, ana saka titi, rijiya, makaranta da asibitin unguwa, kuma masu aikin agaji kan yi amfani da irin wannan taswira lokacin ambaliya.

Damina ta 2024 ta koya mana darasi a kan haka. A watan Satumba ruwa ya rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19. Ko an sake gina shi, siffarsa ta asali sai dai a hoto. Gidaje nawa masu zanen Hausa a Birni da Zango ke jiran irin wannan rana? Hoton da ke kwance cikin waya yana ɓacewa ran da wayar ta faɗa ruwa ko aka sace ta. Wanda aka saka a Wikimedia Commons, da suna da kwanan wata, yana nan ga jikoki. Matasanmu suna ɗaukar hoton kansu sau ashirin a wuni. Ɗaya daga ciki a juya kyamarar ga bango.

Mun san abin da za a ce. Za a ce mega da tsada, rezo ba ya zama. Gaskiya ne, kuma ita ce hujjarmu: rubutu, sauti da wasan dara sun fi bidiyo araha nesa ba kusa ba. Littafin da aka sauke sau ɗaya a wurin wifi ana karanta shi wata guda, ana tura wa aboki ta Bluetooth ko Xender. Manhajar Kiwix ma tana ba da damar ajiye Wikipedia a katin waya a karanta ba intanet. Za a ce yawancin shafukan da Turanci suke, alhali jama'a da dama ba su yi boko ba. Wannan ma gaskiya ne. Amma juya duniya a Radio Garden, ko tura ɗan dara, ko sauraren kiɗa, ba ya buƙatar satifiket. Kuma a kowace fada akwai mutum ɗaya da ya iya karatu. Yadda yake karanta wa sauran sakamakon ƙwallo, haka zai iya karanta masu labarin Dorugu kafin shayi na biyu ya nuna.

Za a kuma ce, wanda ya bar babbar hanya ya shiga lungu yana iya gamuwa da ɓarawo. Wannan gargaɗi ne da muke ɗauka da muhimmanci, domin ba kowane ɓoyayyen shafi ne alheri ba. Ƙa'idojin kaɗan ne. Mutum ya rubuta sunan shafin da hannunsa, kada ya danna mahaɗin da aka turo masa a rukuni. Duk shafin da ya yi alkawarin mega kyauta, ko biza, ko tallafin wata ƙungiya in ka tura wa mutum goma, tarko ne. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kada a ba kowane shafi lambar sirrin asusun kuɗi na waya, ko lambar da WhatsApp ke turowa ta saƙo. Kada a sauke manhaja daga wajen rumbun manhajojin wayar. Kuma a lura: yawancin wuraren da muka lissafa ana shiga a duba su ba tare da ba da lambar waya ba. Shafin da ya fara da tambayar lambarka kafin ya nuna maka komai, ka tambayi kanka me yake sayarwa.

Nauyin bai tsaya kan matasa kaɗai ba. Jami'o'inmu, Abdou Moumouni a Yamai, Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, André Salifou a Damagaram da Djibo Hamani a Tawa, suna iya mai da rubuta maƙalar Wikipedia da Hausa aikin aji, musamman a sassan tarihi, harsuna da labarin ƙasa. Cibiyar IRSH a Yamai tana riƙe da dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami waɗanda marigayi Boubou Hama ya fara tarawa. Ya kamata hukuma ta ba da kuɗin ɗaukar hotunansu a saka inda ɗan ƙasa zai gani daga wayarsa. Haka tsofaffin faya-fayan Muryar Sahel, inda muryoyin makaɗa da masu tatsuniya da ba su da rai yanzu suke kwance. Kamfanonin waya, waɗanda suka iya tsara forfe na musamman don WhatsApp da Facebook, ba za su gaza tsara mai rahusa don shafukan ilimi ba, kuma hukumar ARCEP tana da bakin da za ta yi masu wannan magana. Gidajen matasa da na al'adu a jihohi su ware yamma ɗaya a mako don gasar dara ta intanet ko zanen taswirar unguwa. Mu ƴan jarida kuma aikinmu ne mu riƙa nuna waɗannan ƙofofi, kamar yadda muke nuna farashin hatsi.

Ga ƴan uwanmu na waje magana ta musamman. Ku ne kuka fi samun intanet mai ƙarfi, ku ne kuma kewa ta fi ci. Kuna turo kuɗin abinci da na magani, Allah ya saka. Ku haɗa da wannan: ran da za ku kira gida, ku roƙi tsoho ya ba ku tarihin zuri'a ko kirarin gari, ku naɗa da izininsa, ku adana. Ku tura wa ƙanenku sunan shafi ɗaya mai amfani tare da kuɗin forfe. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A wannan zamani akwai hanyar da mutum zai yi nisa bai bar gida ba, in ya so.

Ba mu ce a goge TikTok ba, kuma mun san ba za a goge ba. Abin da muke nema kaɗan ne: cikin awoyin da ake ba manhajoji huɗun nan, a cire rabin awa a mako, a shiga wuri ɗaya daga cikin waɗanda muka ambata. Wanda ya ji daɗi ya gaya wa na kusa da shi. Wanda ya tarar garinsu babu a ciki, ya saka shi. Ƙarshen wata a sake buɗe wurin nan da ke nuna inda mega ta tafi, a ga ko an samu suna na biyar.